Jirgin Metro na Delhi: Inda Ya Cika Alkawari da Inda Yake Barin Mutum a Tsaye

Delhi ya fi ƙarfin tafiyar ƙafa, kuma da rana tsaka ya fi ƙarfin mota. Faɗin yankin babban birnin kansa murabba'in kilomita 1,483 ne, ƙidayar 2011 ta sami mutum miliyan 16.8 a cikinsa, ban da garuruwan da suka girma har suka manne masa: Gurugram da Faridabad a jihar Haryana, Noida da Ghaziabad a jihar Uttar Pradesh. Miliyoyin mutane suna kwana a wata jiha, su yi aiki a wata. Saboda su aka yi metro, jirgin ƙasa na cikin birni, kuma hukuncinmu a kansa shi ne babu abin hawa a Delhi da ya haɗa araha da cika lokaci kamarsa. Rauninsa yana wajen ƙofar tasha ne, a tsakanin inda ya sauke mutum da inda mutumin yake nufi. Baƙo da bai san da wannan ba zai yi ta jin haushin jirgin kan laifin da ba nasa ba.

Kamfanin da ke tafiyar da shi, DMRC, an kafa shi a 1995, haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnatin tarayyar Indiya da gwamnatin Delhi. An fara gini a 1998 ƙarƙashin injiniya E. Sreedharan, da rancen Japan mai yawa, aka buɗe zangon farko a Disambar 2002, daga Shahdara zuwa Tis Hazari, tazarar da ta ɗan haura kilomita 8. Zuwa 2025 dogon ya kusa kilomita 400 idan an haɗa da na Noida da na Gurugram, tasoshi kuma sun haura 280. Kowane layi da launinsa, kuma da launin ake kiransa, a baki da kan allo. A manyan mahaɗu har sawun ƙafa masu launi aka manna a ƙasa, mutum ya bi sawun rawaya ya kai shi jirgin rawaya. Sanarwa a cikin tarago da Hindi da Turanci ake yi, a faɗi tasha mai zuwa da gefen da ƙofa za ta buɗe.

Kuɗin shiga gwargwadon nisa ne. Tun gyaran farashin Agustan 2025, mafi ƙanƙanta rupi 11 ne ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 2 ba, rupi 32 ga kilomita 5 zuwa 12, mafi tsada kuma rupi 64 ga abin da ya haura kilomita 32. Ranar Lahadi akan rage. Hanyoyin biya ga baƙo uku ne. Akwai tikitin takarda mai lambar QR da ake saya a taga ko a na'ura. Akwai katin da ake lodawa kuɗi, wanda ake ragi kashi 10 cikin 100 a kowace tafiya, da ƙarin wani kashi 10 idan ba lokacin cunkoso ba ne. Sai katin baƙi, rupi 200 na kwana ɗaya ko 500 na kwana uku, a ciki har da rupi 50 da ake mayarwa idan an maido katin. A yi lissafi kafin a saya: na kwana ɗaya ya tsaya a 150 ke nan, sai an yi tafiya biyar ta rupi 32 kafin ya fanshi kansa, kuma ba ya aiki a layin filin jirgin sama. Wanda zai yi mako ko fiye, katin lodi ya fi masa, ba don ragin kawai ba, don yana tsallakar da shi jerin masu sayen tikiti, wanda a tasha irin New Delhi kan ci minti goma sha. Mutanen gari da waya suke biya ta tsarin UPI, shi kuwa galibi yana buƙatar asusun banki na Indiya, don haka baƙo ya riƙe ƙananan takardun kuɗi, na 10 da 20 da 50.

Kurakurai biyu ne suka fi tsayar da mutane a ƙofar fita. Na farko mutum biyu su shiga da kati ɗaya, ko mutum ya bi bayan wani ya wuce kafin ƙofa ta rufe ba tare da katinsa ya karanta ba. Na'ura ba ta ga shigarsa ba, don haka ba za ta yarda da fitarsa ba, sai ya je tagar ma'aikata ya biya. Na biyu tikitin takarda ya jiƙe da gumi ko ya cukurkuɗe a aljihu. A ajiye shi a miƙe, ana buƙatarsa a fita kamar yadda aka buƙace shi a shiga. Akwai kuma iyakar lokacin da aka yarda mutum ya yi a ciki, wanda ya zauna hira a bakin jirgi na awoyi zai tarar da tara tana jiransa.

Kowace tasha ana bincike irin na filin jirgin sama, dakarun tsaron gwamnatin tarayya da ake kira CISF ne ke yi. Jaka ta bi ta na'ura, maza a sahunsu, mata a nasu bayan labule. Kaya kada su wuce kilo 25, girmansu kada ya wuce santimita 80 da 50 da 30. Ɗan kasuwar da ya ɗauro dilar yadi daga Chandni Chowk ya nemi mota, ba za a bar shi ya shiga ba. Taragon farko ta gaban jirgi na mata ne zalla tun 2010, an yi masa alama da ruwan hoda a bakin dandamali, namijin da aka kama a ciki tarar rupi 250 ce. Matar da ke tafe da mijinta tana iya shiga kowane tarago, kuma a kowanne akwai kujerun da aka keɓe wa mata da tsofaffi. Ba a ci ba a sha a cikin jirgi, shi ya sa ƙasan taragon yake da tsabta fiye da titin da ke samansa.

Layin rawaya shi ne wanda ya cancanci a daɗe a kansa, domin daga arewa zuwa kudu yana ratsa kusan duk biranen da aka gina aka rushe a wannan wuri. Delhi tana zaune ne tsakanin kogin Yamuna ta gabas da wani tudun duwatsu ta yamma da kudu, wanda shi ne wutsiyar tsaunukan Aravalli. A cikin wannan kusurwa sarki bayan sarki ya yi ta kafa sabon birni kusa da kangon na wanda ya gabace shi.

A fara daga Kashmere Gate, mahaɗar layuka uku: ja, rawaya da shunayya. Tashar ta ci sunan ƙofar arewa ta ganuwar tsohon birnin sarakunan Mugal, Shahjahanabad, inda sojojin Ingila suka fasa suka shiga a Satumbar 1857 lokacin da suke murƙushe boren da ya ƙare da korar Bahadur Shah Zafar, sarkin Mugal na ƙarshe, zuwa Rangoon. Ƙofar tana nan da tabon harsasan igwa. Babbar tashar motocin zuwa Punjab da Himachal ma a nan take, don haka kullum cike take da masu akwatuna. Sauya layi a nan yana ɗaukar minti biyar zuwa goma, domin ja yana sama a kan gada, sauran biyun suna ƙarƙashin ƙasa.

Tasha ta gaba Chandni Chowk ce, tsakiyar birnin da Sarkin Mugal Shah Jahan ya gina tsakanin 1639 da 1648. 'Yarsa Jahanara ce ta tsara babban titin, wanda ya miƙe daga Lal Qila, jar fadar sarakunan Mugal, zuwa masallacin Fatehpuri na 1650. Tun 2021 aka hana motoci bin wannan zango daga 9 na safe zuwa 9 na dare, sai ƙafa da keke mai ɗaukar fasinja. A kan titin nan ɗaya akwai wurin ibadar mabiya Jain, da na Hindu, da coci, da masallatai, da Gurdwara Sis Ganj, inda aka kashe Guru Tegh Bahadur na mabiya Sikh a 1675. Bayan Fatehpuri kasuwar kayan yaji ta Khari Baoli take, inda ƙurar barkono kan sa baƙo atishawa tun daga bakin hanya. Tashar tana da ƙofofi da yawa kuma ba wuri ɗaya suke fitarwa ba, ɗaya tana kaiwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Delhi, wata cikin lungunan kasuwa. A karanta allon ƙofofi tun ana ƙasa. Wanda ya fita ta inda bai dace ba, dawowa sai da sabon bincike.

Chawri Bazar tana biye, kusan mita 25 a ƙarƙashin ƙasa, an nitsa haka ne don kada a taɓa harsashin tsofaffin gidajen da ke sama. Daga nan ana isa Jama Masjid ta bayansa, tafiyar minti goma zuwa sha biyar cikin kasuwar takarda da katin biki da kayan tagulla. An gina masallacin tsakanin 1650 da 1656, kuma mai son ya fuskance shi ta gaba, ya hau matakalarsa ta gabas, ya fi kyau ya bi layin shunayya, wanda aka rubuta Violet a alluna, ya sauka a tashar Jama Masjid. An buɗe wannan zango a 2017 da tasoshin Delhi Gate, Jama Masjid da Lal Qila, kuma a nan metro yana ajiye mutum kusan a bakin ƙofar abin da ya zo gani.  Ta kudancin masallacin unguwar Matia Mahal take, inda gidajen abincin Musulmi suka taru, ciki har da Karim's da aka buɗe a 1913. Ranar Juma'a da tsakar rana, da daren azumi, lungunan nan sukan cika har mutum ba ya zaɓar inda zai sa ƙafa.

Daga nan jirgin yana fita daga birnin Mugal ya shiga na Turawa. A 1911 Sarki George V ya sanar da mayar da fadar mulkin Indiya daga Calcutta zuwa Delhi, Edwin Lutyens da Herbert Baker suka tsara sabon birnin, aka buɗe shi a 1931. Tashar New Delhi tana fitarwa ne ta ɓangaren Ajmeri Gate na babbar tashar jirgin ƙasa. Mai neman otal-otal masu araha na Paharganj, ɗaya gefen yake nufi, sai ya tsallaka doguwar gadar ƙafa ta saman dogo, ko ya bi layin shuɗi ya sauka a Ramakrishna Ashram Marg.

Sai Rajiv Chowk, a ƙarƙashin Connaught Place, inda rawaya da shuɗi suka gamu. Nan ce tashar da ta fi ba da wahala. Tsakanin 8 zuwa 11 na safe da 5 zuwa 9 na yamma masu shiga ba sa jiran masu fita, kuma mai jaka a baya yakan ji an juya shi ba da son ransa ba. A nan ake yawan yankan aljihu, waya ta koma aljihun gaba, jaka ta dawo ƙirji. Dabarar ita ce a kauce mata. Mai tafiya daga tsohon gari zuwa gabashin kogi ya bi shunayya ya sauya a Mandi House. Mai zuwa Noida daga kudu ya sauya a Hauz Khas ya hau layin Magenta. Layin ruwan hoda, wanda ya bi titin zobe ya kewaye birnin, dama don wannan aka yi shi.

Central Secretariat da tashar da ke biye mata na ma'aikatan gwamnati ne, da safe taragon kan cika da masu rataye da katin aiki. Jor Bagh tana kusa da hubbaren Safdarjung da lambun Lodhi. AIIMS ta babban asibitin gwamnati ce, kuma fasinjojinta daban suke, iyalai daga ƙauyukan Bihar da Uttar Pradesh riƙe da takardun gwaji.

Daga Hauz Khas zuwa kudu tarihi baya yake komawa. Sarki Alauddin Khalji ne ya haƙa tafkin da unguwar ta ci sunansa, Firoz Shah Tughlaq ya gyara shi a ƙarni na 14 ya gina makaranta a bakinsa, a nan kuma kabarinsa yake. A wannan zamani na gidan Tughlaq ne Ibn Battuta ya yi alƙalanci a Delhi. Amma tafkin da kangon makarantar ba a bakin tasha suke ba, akwai wajen kilomita 2 ko fiye. Dandamalin Magenta a nan shi ne mafi zurfi a duk tsarin, kusan mita 29, don haka sauya jirgi yana cin lokaci. A wannan layi na Magenta aka fara tafiyar da jirgi ba direba a Disambar 2020.

Bayan Saket jirgin yana fitowa sarari, a hango hasumiyar Qutb ta taga. Qutbuddin Aibak ya fara ta wajen 1199, Iltutmish ya ɗora, tsayinta ya kai mita 72.5. Tashar da ke ɗauke da sunanta kuwa tana nesa da ita da kusan kilomita 2, a bakin titi mai yawan motoci da ba a yi shi don mai tafiya a ƙasa ba. Wannan shi ne babban ƙorafinmu da metro na Delhi: sunayen tasoshi suna yi wa baƙo alkawarin da ba su cikawa. Tughlakabad a layin shunayya ba a gindin ganuwar da Ghiyasuddin Tughlaq ya gina a 1321 take ba. Sarai Kale Khan-Nizamuddin a layin ruwan hoda tana hidima ne ga tashar jirgin ƙasa da ta motoci. Mai zuwa ziyarar hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya, wanda ya rasu a 1325, ko hubbaren Sarki Humayun da ke tsallaken titi daga shi, Jangpura ko JLN Stadium zai sauka, sannan ya hau wani abin.

Wannan wani abin shi ne adaidaita-sahu mai launin kore da rawaya, ko ƙaramin keke mai batir da ke ɗaukar mutum huɗu ko biyar. Mai batir na haɗaka ne, hanya ɗaya yake bi, kuɗinsa tsayayye ne kuma kaɗan, a tambayi wanda ke zaune kusa nawa ake biya. Adaidaitan suna da mita amma a bakin tashoshin da baƙi ke sauka da wuya direba ya kunna ta. A yi ciniki kafin a zauna, ko a kira ta manhajar Uber ko Ola a ga farashi a rubuce. Direban da ya ce wurin da ake nufi a rufe yake yau, zai kai mutum wani shago mai kyau, kamasho yake nema.

Sauran layukan sun fi nuna mutanen birnin fiye da gine-ginensa. Layin shuɗi ta yamma yana ratsa Rajendra Place da Patel Nagar da Tilak Nagar, unguwannin da suka cika da 'yan gudun hijira Hindu da Sikh daga yammacin Punjab bayan raba ƙasa a 1947, lokacin da Musulmin Delhi da yawa suka yi ƙaura zuwa Pakistan. Shi ya sa harshen Punjabi da abincinsu suka yi kaka-gida a birnin. Lajpat Nagar ma haka ta faro, daga baya 'yan Afganistan suka zauna a cikinta da Bhogal. 'Yan Tibet suna Majnu ka Tilla, ana sauka a Vidhan Sabha. Bengalawa suna Chittaranjan Park. Magenta tana bi ta jami'ar Jamia Millia Islamia da Okhla, inda Musulmi suka fi yawa a kudu maso gabas. Musulmi wajen kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Delhi bisa ƙidayar 2011. A lura, layin shuɗi yana rabuwa biyu a Yamuna Bank, reshe ɗaya Noida, ɗaya Vaishali, kuma jiragen biyu a dandamali ɗaya suke tsayawa. A duba sunan da ke goshin jirgi. Haka a rawaya, ba kowane jirgi ke kaiwa Gurugram ba, wasu a tsakiya suke juyawa, sai a sauka a jira na baya.

Layin filin jirgin sama, mai launin lemo, shi ne mafi daɗin zama: kujeru da yawa, wurin ajiye akwati, kuma daga New Delhi zuwa Terminal 3 bai kai minti 20 ba, tafiyar da mota kan yi awa a kanta. Tikitinsa da farashinsa daban ne. Tarkon da ke nan shi ne Terminal 1, inda jiragen cikin gida da yawa ke tashi, ba a kan wannan layi yake ba, yana kan Magenta, kuma tsakanin gine-ginen biyu akwai kilomitoci. A duba tikitin jirgin sama kafin a zaɓi layi. Irin wannan tsalle yana nan tsakanin Dhaula Kuan da Durgabai Deshmukh South Campus, taswira ta nuna su a haɗe, alhali gadar ƙafa ce ta sama da kilomita ɗaya, ko da yake an sa mata shimfiɗa mai tafiya da kanta. Layin Aqua na Noida kuwa na wani kamfani ne, sai an fita an sayi sabon tikiti.

Yanayin Delhi ne ya ƙara wa jirgin daraja. A Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 45, taragon kuwa da sanyin na'ura. A Nuwamba hayaƙin ƙona karan shinkafa daga Punjab da Haryana kan haɗu da na motoci ya lulluɓe gari, a Disamba da Janairu hazo ya tsayar da jiragen sama da na ƙasa masu dogon zango, metro yana tafiya. Damina ce ke ɗan taɓa shi. A Yulin 2023 da Yamuna ta yi cikar da ba a taɓa auna irinta ba, an rufe shiga da fita a Yamuna Bank, aka rage gudun jirage a kan gadojin kogin.

Jirgin farko yakan tashi tsakanin 5:30 da 6 na safe, na ƙarshe wajen 11 na dare daga tashar farko ta kowane layi, don haka mai buƙatar sauya layi da daddare kada ya jira na ƙarshe, yana iya isa mahaɗa ya tarar ɗayan ya wuce. Ranar bikin Holi na mabiya Hindu ba a fara aiki sai 2:30 na rana. Ranar 26 ga Janairu da 15 ga Agusta, wato ranar jamhuriya da ranar 'yancin kan Indiya, da kwanakin da ke gabansu, ana tsananta bincike har sahu ya fito waje, kuma akan rufe wasu ƙofofi a tasoshin da ke kusa da wurin fareti da Lal Qila.